Maginin da Ya Ga Igiya a Karkace

Wajen ƙarfe goma na safe abin ya fara. An yi ruwa da asuba, sannan rana ta fito da zafinta, ƙasa tana ta tururi. Amma bari in ɗan koma baya, ku san mutumin tukuna.

An yi wani mutum, magini, ya fi shekara ashirin yana aikin. Allah ya ba shi ido. In ya tsaya nesa da bango ya runtse ido ɗaya, sai ya ce, "Jere na shida, bulo na huɗu daga dama, ya fito da kaurin farce." In an je an auna, haka ɗin ne. Shi ya sa kowa ke ce masa Mai Ido, har matarsa in tana son tsokanarsa.

Ya 'yan uwa, wataƙila ba kowa ya san yadda magina ke gane bango ya miƙe ba. Igiya ce ake ɗaura wa ɗan ƙarfe a baki, a sake ta daga sama. Nauyin ƙarfen zai ja ta, ta tsaya ƙyam. In bango ya bi ta, ya miƙe. In bai bi ta ba, bangon ne da laifi. Mai Ido ya daɗe da daina taɓa wannan igiya. Sunan da ya sa mata sandar makafi. Duk maginin da ya gani da ita sai ya ce, "Sannu, Malam makaho, a kama maka hannu?"

Kuma in aikin wani bai yi masa ba, ba ya cewa a gyara. Zuwa yake ya sa ƙafa ya ture bangon tun siminti yana ɗanye, a gaban kowa, ya ce ko kaji ba za su yarda su kwana a ciki ba. Mutum mai iyali ya tsaya yana kallon aikin wuninsa a ƙasa, ba damar magana. Ba a taɓa jin Mai Ido ya ce "na yi kuskure" ba. Ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba".

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma magini, a ƙarƙashinsa yake aiki. Ana ce masa Ƙarami, duk da yana da 'ya'ya uku har furfura ta fara leƙo masa. Ƙarami yana da tasa igiyar. A aljihun wando yake ɓoye ta kamar mai ɓoye sigari, sai Yaya ya juya baya yake ciro ta. Akwai kuma wani dattijo da ke yi musu rufi, Baba Kafinta. Shi kaɗai ke iya mayar wa Mai Ido magana.

A lokacin suna ginin gidan wata malamar makaranta. Sun kai bangon gefe, dogon nan da ake ɗora katakon rufi a kansa. A bayan bangon akwai wani ɗan lungu, tsakaninsa da katangar maƙwabta, wanda baro ma da ƙyar yake wucewa.

To, a wannan safiyar Mai Ido ya sunkuya zai ɗauki cokalin gini, sai ya ji wani abu ya soke shi a ƙeya. Ya ɗago. Ga abin da shi da kansa ya faɗa daga baya: duniya ta kife. Ya ga tarin yashi a sama, gajimare a ƙasa, leburori suna tafiya ƙafafunsu a sama da kwanon sarki a ka, kuma kwaɓin ba ya zubewa. Ya lalubi bulo ya zauna, ya rufe ido. Da ya buɗe, sama ta koma sama. Ya yi amai a bayan tarin yashi. Ƙarami ya zo da gudu.

"Yaya, lafiya?"

"Rana ce. Koma bakin aikinka."

Sai shaƙuwa ta kama shi.

Da farko abin dariya aka mai da shi. Wani lebura ya ce ana zancen Maigida a wani wuri. Baba Kafinta ya lallaɓo ta bayansa ya yi ihu, "Wayyo, an tafi da babur ɗinka!" don ya firgita shi shaƙuwar ta tsaya. Mai Ido ya zabura, ya zage shi, shaƙuwa ta ci gaba. Aka kawo ruwa. Ya kurɓa, ruwan ya ƙi wucewa, ya sarƙe shi, ya fito ta hanci. Da ya buɗe baki zai yi faɗa, muryar da ta fito ba tasa ba ce. Wata dasasshiyar murya ce, kamar ta wanda ya wuni yana ihu.

A nan dariya ta ɗauke. Baba Kafinta ya matso yana kallon fuskarsa, ya ce, "Kai, tsaya in gani." Gefen dama na fuskar ya jiƙe sharkaf da gumi, ƙurar siminti ta manne a kai. Gefen hagu a bushe yake ƙayau, kamar an ja layi daga goshi zuwa haɓa. Fatar idon hagun kuma ta ɗan sauko.

"Ni dai tun da nake ban taɓa ganin mutum ya yi rabin gumi ba," in ji Baba Kafinta. "Ɗana, mu je a duba ka."

"Je ka duba ƙusoshinka."

Ƙarami ya kai shi gida a babur. Duk hanya yana jin Yayan yana zamewa ta hagu, sai ya sa hannu ɗaya ya tare shi.

Washegari da safe matarsa ta miƙa masa shayi a kofin gilashi, yanzu ta sauke daga wuta. Ya karɓa da hannun dama ya riƙe gam. Ta ga tafin hannun ya yi ja.

"Baban yara, ba ya ƙona ka?"

"Shayin da ya huce?"

Ya mayar da kofin hannun hagu, sai ya yi ƙara ya sake shi, ya fashe. Suka tsaya suna kallon juna. Ya taɓa kuncinsa na hagu, ya ji kamar na wani yake taɓawa. Fuska ta hagu, jiki ta dama. Wace irin cuta ce ke tsallaka mutum haka?

Matar ta ce su je asibiti, ta ce tana tsoron ko shanyewar ɓarin jiki ce, tun da ya daɗe da watsar da maganin hawan jinin da aka ba shi. Sai ya kama hannunta ya matse har ta yi ƙara, ya sake matsewa da ɗayan hannun.

"Kin taɓa ganin mai shanyewar jiki da wannan ƙarfin? Bakina ya karkace? Hannuna ya mutu?"

Ba ta taɓa gani ba. Ya tashi zai fita, jikinsa ya ja shi hagu, kafaɗarsa ta bugi bakin ƙofa. Ya ce ƙofar ce aka kafa ba daidai ba. Shekara goma sha ɗaya yana wucewa ta wannan ƙofar.

Ya sa Ƙarami ya kai shi wurin aiki. Ba ya iya hawa tsani, sai aka ajiye masa kujera a inuwa, yana fuskantar gefen dogon bangon da Ƙarami ya ɗora jiya. Ya runtse ido ɗaya kamar yadda ya saba.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Yaya."

"Ya kwanta ciki. Rufin mutane kake so ya faɗo musu a ka?"

Ya tashi zai ture bangon da ƙafa. Yana ɗaga ƙafar ya tafi hagu, ya zube a kan yashi. Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda kuma ya iya zuwa ɗaga shi, don kowa ya san wanda ya fara taɓa shi shi zai sha zagi. Ya rarrafa ya koma kujera, yana shaƙuwa, ya ce a rushe jere takwas na sama.

A ranar ne Ƙarami ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro igiyarsa a gaban Yayansa. Ya hau tsani, ya sake ta daga saman bangon. Ƙarfen ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya. Igiya da bango kamar tare aka haife su.

"Yaya, don Allah duba."

Mai Ido ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Igiyar ma a karkace take."

Leburori suka dubi juna, shi kuwa yana ta shaƙuwa.

Ya 'yan uwa, igiyar da ke rataye da ƙarfe a bakinta, yaya za a yi ta karkace? Wa zai karkatar da ita? Ba iska, ba hannun kowa a jikinta. Wannan ko wanda ya fara ɗaukar kwaɓi jiya ya san shi. Shi ma Mai Ido ya sani. Ya faɗa daga baya cewa a wannan lokacin ya waiwaya, ya ga turken wutar lantarki a karkace, ƙarfen tankin ruwa a karkace, katangar maƙwabta a karkace, har Baba Kafinta da ke tsaye a gabansa a karkace. Duk ɓangare ɗaya suka kwanta. Zuciyarsa ta ce masa, anya duniya duka za ta karkace a yini ɗaya? Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba. Kalma uku kawai ta rage masa ya faɗa: idona ya taɓu.

Bai faɗa ba. Ga abin da ya faɗa:

"Ƙarami, kai ka yi min wani abu. Aikin kake so ya dawo hannunka. Ka daɗe kana jira."

Ƙarami ya sauko daga tsani a hankali, ya naɗe igiyarsa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Yaya, ni?"

Leburori kuwa kansu ya gama ɗaurewa. Wani ya ce jifa ne. Wani ya ce aljanin wurin ne, ai dama an sare wata bishiya kafin a haƙa tushe. Wani ya ce in da ciwo ne ai da ya kwanta, ga shi yana zagi da ƙarfinsa. Wani kuma, don Mai Ido bai taɓa kuskure a gabansu ba, ya koma nesa ya runtse ido, ya ce shi ma kamar yana ganin bangon ya ɗan kwanta. Haka girman mutum yake rikita na ƙasa da shi.

Aka rushe jere takwas. Ƙarami ya sake hawa, Mai Ido yana daga kujera yana ba da umarni da dasasshiyar muryarsa. "Turo waje. Ƙara. Ƙara kaɗan. Yauwa, yanzu ka fara zama magini." Kowane jere yana leƙawa lungu fiye da na ƙasansa.

Za ku ce me ya sa Ƙarami ya yarda? Ni ma na yi ta juya abin a raina. Ya ce in ya ƙi, Yaya zai kore shi ya kawo wani wanda bai san komai ba. Ya ce nufinsa ya bi shi a hankali, in jiki ya kwantar da shi a gida sai ya rushe ya sake. Kuma tun suna yara bai taɓa ce wa Yayansa a'a ba, bakinsa bai saba ba. Ban ce ya yi daidai ba. Amma da yamma, bayan ya mayar da Yayan gida, ya dawo ya shiga lungun ya tokare bangon da katako uku.

Kwana biyu ana haka. Mai Ido ba ya iya haɗiye komai sai ɗan abin da ya wuce da ƙyar, ya faɗa, ido ya zurma, shaƙuwa ba ta tsaya ba ko a cikin salla. Matarsa ta yi kuka, ta kira ƙanwarsa, ita ma ta yi magana. Ya ce duk bakinsu ɗaya.

A rana ta huɗu, bayan azahar, lokacin ɗora katakon rufi ya yi. Baba Kafinta ya zagaya bangon, ya dawo ya ajiye gudumarsa.

"Ba zan ɗora katakona a kan wannan ba."

"Saboda me?"

"Saboda ina da jikoki, ina son in ga aurensu. Ɗana, bangon nan ruku'u yake yi. Ba don katakan da ƙanenka ya tokare shi da su ba, da tuni ya kai sujada."

"Waɗanne katakai?"

Baba Kafinta ya kama bakinsa, amma magana ta riga ta fita. Mai Ido ya sa aka riƙe shi ya leƙa lungun. Ya ga katako uku sun tokare aikinsa. A ganinsa ba a taɓa ci masa mutunci irin na ranar ba. Ya kira wani lebura, wanda matarsa ta haihu a satin, ya ce ya shiga ya cire su yanzu yanzu, ko kuma ya ajiye shebur ya kama gabansa.

Leburan ya dubi lungun, ya dubi Maigida, ya fara tafiya. Sai Ƙarami ya riƙe masa riga.

"Bari, ni na sa su, ni na san yadda zan cire."

Ya cire na farko. Ya cire na biyu, ya ɗan dakata yana kallon sama. Yana taɓa na uku bangon ya taho. Lungun ba wurin gudu.

Mai Ido ya miƙe zai ruga wurin ƙanensa. Idonsa yana kan lungun, amma jikinsa ya ɗauke shi ya yi hagu da shi, ya faɗa kan baro. Ya tashi, ya sake yin hagu. Ya buɗe baki zai kira shi, ba abin da ya fito sai shaƙuwa. Da rarrafe ya isa, ya tarar har an fara janye bulo daga kan ƙafafun Ƙarami.

Mota ɗaya ta kai su asibiti. Aka shiga da Ƙarami, shi kuma ya zauna a benci yana jingine da bango. Wata likita ta zo wucewa, ta ji shaƙuwar, ta dubi idonsa, ta tsaya.

"Malam, tun yaushe kake wannan?"

"Ba ni ne marar lafiyar ba."

"Na ji. Tun yaushe?"

"Kwana huɗu."

Ta ba shi biro ta ce ya riƙe shi a tsaye, daidai yadda yake ganin ya miƙe. Ya riƙe. Wannan ai aikinsa ne. Ta ɗauki hoto da wayarta ta nuna masa. Ga bakin ƙofa a bayan hannunsa, ga biro, kowa da inda ya nufa. Bai ce ƙofar ce ba.

Bayan an yi masa hoton kai likitoci suka yi wa matarsa bayani. Wata 'yar jijiyar jini ce ta toshe a can gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, inda take haɗuwa da lakar baya. Wurin ɗan ƙarami ne, amma ta nan saƙon haɗiya yake bi, da na murya, da na jin zafi da sanyi, da wanda ke gaya wa mutum ina ne sama ina ne ƙasa. Suka ce ita ma shanyewar jiki ce, sai dai irin wadda ba lalle ta kashe hannu ko ƙafa ba, shi ya sa take ruɗa mutane. Matar ta ce to me ya sa fuska hagu, jiki dama? Suka ce hanyoyin ne suke gicciye juna a wurin. Ta gyaɗa kai. Ta ce min har yau ba ta gane ba.

Abin da ya yi ta sarƙe shi ya riga ya sauka a huhu, ya zama wani ciwon. Ya yi sati biyar a kwance, ana ba shi abinci ta roba a hanci. Shaƙuwa ta tafi. Murya ta dawo rabi. Jan hagun ya ragu, amma bai bar shi ba. Ƙarami kuwa, ƙafa ɗaya ta ɗoru, ɗayar ba a iya ceto ta ba, aka yanke daga gwiwa.

Malamar makaranta ta ba wani aikin. Ba wanda ya ƙara kiran Mai Ido ko gyaran murhu. Mutane ma sun daina kiransa da sunan, don tausayi, sai su ce Malam. Matarsa ta ce wannan ya fi komai ci masa rai. Sau biyu ana kai shi ƙofar gidan Ƙarami, ya tsaya, ya ce a juya da shi. Ko kunya ce, ko sauran abin nan ne bai gama fita ba, ni ban sani ba. Allah ne ya san zuciya.

Ya 'yan uwa, kada wani ya tashi daga nan ya ce ciwon ne azabarsa. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na san ciwo yana kama na kirki, yana kama wanda ba na kirki ba. Jijiya ba ta tambayar halin mutum kafin ta toshe. Da ciwon kaɗai ne, da an kai shi asibiti tun ranar farko, da Ƙarami yana nan da ƙafafunsa biyu. Abin da ya rushe gidajen nan biyu shi ne ɗan lokacin nan da igiya ta tsaya a gabansa, ya gane, ya ƙi faɗa. Shekara ashirin yana koya wa bakinsa kada ya ce na yi kuskure. Ranar da yake buƙatar kalmar, ya neme ta ya rasa.

Mu fa? Wa ke iya gaya mana gaskiya a gida? Wa ke iya gaya mana a wurin aiki? In matarka, da ƙanenka, da dattijon da ya girme ka duk sun ce abu ɗaya, kai kaɗai ka ce wani, anya su ne duka suka karkace? Idon da kake taƙama da shi, kai ka yi shi? Aro ne, kuma Mai shi bai gaya maka ranar karɓa ba. Kuma don Allah, in kun ga jikin ɗan uwanku ya yi abin da ba ku gane ba, farat ɗaya, jiri ko shaƙuwar da ta ƙi tsayawa ko haɗiya ta gagara, kada ku tsaya gardamar jifa ne ko rana ce. Ku ɗauke shi, ko yana zagi.

Ya Allah, Ka tsare mu daga girman kai, na fili da na ɓoye. Ka sa mu ji gaskiya ko daga bakin na ƙasa da mu. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka sanyaya zuciyar waɗanda aka cuta, Ka buɗe bakin wanda ya kasa neman gafara. Amin.

Kwanan baya Baba Kafinta ya je gidan Mai Ido da wani dogon katako a kafaɗa. Bai yi dogon zance ba, sallama kawai ya yi, matar ta ba shi hanya. Ya kafa katakon a jikin bango ta hannun hagu, daidai ƙugu, tun daga ƙofar ɗaki har bakin banɗaki, don ya zama abin dafawa. Ya goge shi sumul don kada ya soki hannu. Mai Ido yana zaune a tabarma yana kallonsa, bai ce sannu ba, bai ce bari ba. Dattijon ya tattara ƙusoshin da suka rage ya zuba a aljihu, ya share garin katakon da ƙafarsa, ya fita.